Kubilai Khan, Baƙon da Ya Mulki Ƙasar Sin

Duk wanda ya ɗan zauna gaban malaman tarihi ya ji sunan Hulaku, wanda ya rushe Bagadaza a shekarar 1258, ya kashe Halifa Musta'asim. To, mutumin da za mu kawo muku tarihinsa a wannan fitowa yayan Hulaku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa Kubilai Khan, jikan Jengis Khan, sarkin nan da ya haɗa kan kabilun Mongol. Mun zaɓo shi ne saboda baƙo ne a ƙasar da ya mulka, kuma da baƙi ya yi aiki, ciki har da fatake irinmu.

An haife shi a 1215. Mahaifinsa Tolui ya rasu da wuri, saboda haka uwarsa Sorgagtani, wadda Kirista ce, ita ta yi renon 'ya'yanta maza huɗu, kowanne kuwa ya zama wani abu. Babbansu Mongke ya hau gadon kakansu a 1251, ya danƙa wa Kubilai arewacin Sin. Da Mongke ya mutu a wurin yaƙi a 1259, sai rigimar gado ta tashi tsakanin Kubilai da ƙanensa Arik Boke. Kowanne ya naɗa kansa a 1260. Shekara huɗu ana gwabzawa kafin ƙanen ya miƙa wuya, amma daga nan dangin da ke yamma ba su ƙara yi masa cikakkiyar biyayya ba.

Shi ya sa ya mai da hankalinsa kan Sin. Ya gina sabon birni, Hanbalik, inda Beijin take a yau, a 1271 kuma ya raɗa wa daularsa suna irin na Sinawa, wato Yuwan. Sai dai kudancin ƙasar, inda shinkafa da siliki da tashoshin jiragen ruwa suke, yana hannun gidan sarautar Song. Doki ba ya amfani a ƙasar koguna da fadamu. Birnin Shiyangyang kaɗai shekara biyar aka yi ana kewaye da shi, sai da aka kawo wasu gwanaye biyu Musulmi daga wajen danginsa na Farisa, Isma'ila da Ala'uddin, suka ƙera manyan majaujawa masu jefa duwatsu, sannan birnin ya faɗi a 1273. A 1279 aka yi yaƙin ƙarshe a kan teku, wani bafade ya rungumi sarkin Song, yaro ƙarami, ya faɗa ruwa da shi. Ƙasar Sin duka ta shiga hannun baƙo.

A nan ne fa labarin ya shafe mu. Mongol 'yan kaɗan ne a cikin miliyoyin Sinawa, ba su iya lissafin haraji ba, ba su kuma yarda da 'yan ƙasa ba. Sai aka kasa mutane gida huɗu: Mongol a sama, baƙi daga yamma na biye, sannan Sinawan arewa, na kudu a can ƙasa. Musulmin Buhara da Samarƙand da Farisa suka samu shiga sosai. Sayyid Ajal Shamsuddin, mutumin Buhara, ya zama gwamnan Yunan a 1274, ya gyara madatsun ruwa, ya gina masallatai, ya kuma gina wa Sinawa makarantunsu. Har yau ana ambatonsa da alheri a can. Ahmad Fanakati kuwa, wanda ya riƙe baitulmali kusan shekara 20, ya matsa wa talakawa da haraji, ya cusa 'ya'yansa a muƙamai. A 1282 wasu Sinawa suka yi masa kwanton ɓauna suka kashe shi. Da aka faɗa wa sarki irin dukiyar da ya tara, sai ya sa aka tono gawarsa aka wulaƙanta. Abin da mutum ɗaya ya ci, duk Musulmin birni aka riƙa harara saboda shi, kuma duk mai zaman baƙunci ya san wannan.

A 1280 sarki ya kafa doka cewa kada wanda ya ƙara yanka dabba irin yankan Musulmi, wanda ya yi hukuncinsa kisa. Dalili, kamar yadda masanin tarihi Rashiduddin ya kawo, wasu fatake ne suka ƙi cin naman da aka ba su a fadarsa, ya ji haushi. Musulmi ba su ɗauki makami ba. Fatake dai suka daina zuwa, kuɗin kwastan ya ragu, kayan da fada ta saba samu suka yanke. Bayan shekara bakwai, a 1287, aka janye dokar.

Wani abin da zai ba ɗan kasuwa sha'awa shi ne kuɗin takarda. Ba shi ya fara su a Sin ba, amma shi ya mai da su kuɗin daula baki ɗaya tun 1260, da hatimin sarki a jiki, ƙin karɓarsu kuma laifi ne. Da farko akwai azurfa a ajiye da ke tsaya musu. Da yaƙe-yaƙe suka cinye baitulmali sai aka yi ta bugawa, darajarsu ta zube, har a 1287 aka fito da sabuwar takarda wadda ɗaya take daidai da tsofaffi biyar. Mu da muka ga yadda naira ta koma ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Marko Polo, ɗan kasuwar Italiya da ya yi kusan shekara 17 a ƙasar, ya yi mamakin waɗannan takardu, haka ma Ibn Batuta da ya je bayan mutuwar sarkin, kafin ya zo Mali da Takedda.

Yaƙe-yaƙen ƙarshen rayuwarsa ba su yi kyau ba. Sau biyu ya aika jiragen ruwa Japan, a 1274 da 1281, na biyun guguwa ta farfasa su, dubban sojoji suka halaka. Biyetnam ta gagare shi, Jawa ma haka a 1293. Matarsa Cabi, wadda yake jin shawararta, ta rasu a 1281, bayan 'yan shekaru ɗansa Jenjin, yarima mai jiran gado, ya bi ta. Daga nan ya duƙufa kan ci da giya, ya yi ƙiba sosai, ciwon ƙafa ya hana shi sakat. Ya mutu a watan Fabrairu na 1294 yana da shekara 78, aka kai gawarsa ƙasar kakanninsa aka binne a ɓoye, yadda al'adarsu take. Jikansa Temur ya gaje shi. Daular ta kai 1368, lokacin da 'yan tawayen Sin suka kori Mongol suka kafa gidan Ming. Fataken Musulmi dai da yawa ba su koma gida ba, sun auri 'yan ƙasa sun zauna, kuma suna cikin kakannin Musulmin Sin da ake kira Hui.