Bert Hinkler (1892–1933): Matuƙin da Ya Zama Makaniken Kansa

A shekarun farko na tarihin sufurin sama an yi matuƙa da dama da suka yi suna saboda ƙarfin hali. Kaɗan ne daga cikinsu suka haɗa tuƙi da gyara, wato mutum ya wuni yana tuƙa jirgi, idan ya sauka ya tuɓe riga ya duba injinsa da hannunsa, sannan ya kwanta a gindin jirgin har gari ya waye. Bert Hinkler, mutumin ƙasar Ostareliya, yana sahun gaba a cikin waɗannan 'yan kaɗan. Shi ne mutum na farko da ya tuƙa jirgin sama shi kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya, kuma ya yi hakan ne a cikin wani ƙaramin jirgi mallakarsa, ba tare da wata gwamnati ko wani attajiri ya ɗauki nauyin tafiyar ba.

Haihuwa da Tasowarsa

An haifi Herbert John Louis Hinkler ranar 8 ga Disamba, 1892, a garin Bundaberg na jihar Queensland, yankin da ya shahara da noman rake. Mahaifinsa ɗan asalin Jamus ne, kuma gidansu ba na masu hali ba ne. Bai yi zurfi a karatun boko ba. Tun yana matashi ya shiga aikin ƙarfi a masana'antar sukari da kuma wata maƙerar narka ƙarfe. Abin da ya samu na ilimin kanikanci ya same shi ne ta hanyar darussan da ake aiko masa ta gidan waya, da kuma abin da idonsa ya gane masa.

Malaminsa na farko a fagen tashi sama tsuntsu ne. A fadamun da ke kusa da gidansu akwai wani tsuntsu ɗan'uwan jinjiminmu, kuma yaron ya daɗe yana lura da yadda yake shimfiɗa fikafikansa iska ta ɗauke shi. Daga wannan nazari ya shiga harhaɗa jirgi marar inji da katako da ƙyalle a bayan gidansu. A shekarar 1912 ya kai jirgin bakin teku, wani wuri da ake kira Mon Repos, abokansa suka riƙe igiya, iska ta ɗaga shi sama. A wannan shekarar kuma wani Ba'amurke mai wasa da jirgin sama, Arthur Stone, ya zo garinsu. Hinkler ya liƙe masa har ya zama makanikensa, ya bi shi yawo zuwa New Zealand. Jirgin Stone ya sha faɗuwa, kuma kowace faɗuwa darasi ce ga yaron da ke gyara shi.

Yaƙi da Aikin Gwajin Jirage

Da ya ga cewa harkar ƙera jirage a Turai take, sai ya nufi Ingila, ya samu aiki a kamfanin Sopwith. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya shiga sashen jiragen sama na rundunar sojan ruwan Birtaniya. Mafi yawan shekarun yaƙin ya yi su ne a matsayin makanike da maharbin bindiga a kujerar baya, har aka ba shi lambar yabo. Sai a 1918 ya samu horon zama matuƙi, ya ƙarasa yaƙin a fagen daga na Italiya. Ya kamata a lura da wannan jeri: ya shekara shida yana hidimar jirage kafin a damƙa masa tuƙin ɗaya. Yawancin takwarorinsa da tuƙi suka fara, gyara kuwa suka bar wa wasu.

Bayan yaƙi ya zama matuƙin gwaji a kamfanin A. V. Roe, wanda aka fi sani da Avro, kusa da birnin Southampton. Aikinsa shi ne ya tashi da sabon jirgi kafin kowa, ya gano aibinsa, ya faɗa wa masu ƙera shi. A nan ya sayi wani ɗan jirgi mai suna Avro Baby, mai inji mai ƙarfin doki 35 kacal. Ranar 31 ga Mayu, 1920, ya tashi da shi daga Croydon a Landan, bai sauka ba sai a Turin ta Italiya, bayan awa tara da rabi. Niyyarsa ita ce ya zarce gida Ostareliya, amma rikicin da ake yi a Gabas ta Tsakiya ya toshe hanyar, ya juyo daga Roma. A 1921 ya loda jirgin a jirgin ruwa zuwa Sydney, daga can ya tashi zuwa Bundaberg ba tare da ya yada zango ba. Ya sauka a wani fili na cikin gari, sannan ya gangara da jirgin a kan titi har ƙofar gidan iyayensa.

Tafiyar 1928

Kafin a fahimci girman abin da Hinkler ya yi, sai an waiwayi 1919. A wannan shekarar ce 'yan'uwa biyu, Ross da Keith Smith, suka fara kai jirgi daga Ingila zuwa Ostareliya. Sun yi amfani da Vickers Vimy, babban jirgin yaƙi mai inji biyu, suka tafi da makanikai biyu, suka yi kusan kwana 28 a hanya, suka karɓi kyautar fam 10,000 daga gwamnatin Ostareliya. Aikin da mutum huɗu suka raba a tsakaninsu, wato tuƙi da neman hanya da gyara, shi Hinkler ya ƙudura ya ɗauka shi kaɗai.

Jirgin da ya zaɓa shi ne Avro Avian, mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, wanda aka ƙera da katako aka lulluɓe da ƙyalle. Injinsa ɗaya ne, samfurin Cirrus, mai ƙarfin doki kimanin 80, kuma mazaunin matuƙi a buɗe yake, ba rufin da zai kare shi daga rana ko ruwa. Hinkler bai bar jirgin yadda ya same shi ba. Ya ƙara masa tankin fetur, sannan ya sake fasalin ƙafafunsa ta yadda idan aka naɗe fikafikan tayoyin za su ja baya, wutsiyar ta yi sauƙin ɗagawa, mutum ɗaya ya iya tura jirgin zuwa inda zai ajiye shi. Duk wanda ya yi tunanin irin wannan gyara ya san cewa akwai ranar da zai sauka a inda ba mai taimako. Tun a 1927 ya gwada jirgin da tafiya daga Landan zuwa Riga ta Latbiya ba tare da tsayawa ba.

Ya nemi masu ɗaukar nauyi bai samu ba, don ba shi da baki irin na masu tallata kansu. Saboda haka da safiyar 7 ga Fabrairu, 1928, ya tashi daga Croydon ba tare da wani biki ba. Ba shi da rediyo. Abin da ya dogara da shi wajen gane hanya shi ne kamfas da shafukan da ya ciro daga littafin taswirorin duniya na kamfanin jaridar Times. Ya isa Roma da dare, ya sauka a filin jirgin soja ba tare da izini ba, aka tsare shi na ɗan lokaci. Daga nan ya bi ta Malta ya ƙetara zuwa Libiya.

A hamadar Libiya ne dare ya riske shi kafin ya kai masauki. Ya lalubi wuri mai ɗan laushi ya sauka. A cikin kayansa akwai wani ƙaramin kwalekwalen roba da ake hura wa iska, wanda ya ɗauko domin tsira idan ya faɗa teku. Shi ya hura, ya ajiye a ƙarƙashin fiffiken jirgin, ya mayar da shi gado. Da safe Larabawan yankin suka taimaka masa wajen share duwatsu da ƙayoyi har ya samu hanyar tashi. Kwana a gindin jirgi ba wai talauci kaɗai ke sa shi ba. Jirgin katako da ƙyalle ba shi da nauyi. Iska mai ƙarfi na iya kife shi cikin dare, dabba ko ɗan kallo na iya huda ƙyallensa, don haka mai shi ne mai gadinsa.

Ya ci gaba ta Falasɗinu zuwa Basara a Iraƙi, ya bi gaɓar Tekun Fasha zuwa Jask a Iran. A wannan yanki tankin mansa ya fara yoyo, ya lallaɓa da shi har Karaci, inda aka gyara. Tsarin rayuwarsa a waɗannan kwanaki ɗaya ne. Ya tashi da asuba, ya yi awa takwas zuwa goma ko fiye a sama cikin ƙarar inji da zafin rana. Idan ya sauka, maimakon hutu sai aiki na biyu ya fara: ya kwance fulogogi ya goge, ya daidaita bawul, ya duba baƙin mai, ya tace fetur ya zuba, ya bi wayoyin da ke ɗaure fikafikai ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa da hasken tocila yake ƙarasawa. A ganina wannan aiki na dare shi ne ainihin bajintar tafiyar. Matuƙa masu ƙarfin hali suna da yawa a lokacin, amma injin da ba a kula da shi kullum ba ya kai mutum Indiya, balle Ostareliya.

Daga Karaci ya ratsa Indiya zuwa Kalkata, ya gangara ta Rangun zuwa Singafo a cikin ruwan sama mai yawa, ya bi tsibiran Indonesiya ta yau har Bima. Zangon ƙarshe shi ne mafi haɗari, don ya ƙunshi ƙetare Tekun Timor da inji ɗaya. Ranar 22 ga Fabrairu ya sauka a Darwin. Ya yi tafiyar kimanin mil 11,000 a cikin kwana goma sha biyar da rabi, wato ya rage kusan rabin kwanakin da 'yan'uwan Smith suka yi. Ya isa Bundaberg ranar 27 ga watan. Gwamnatin Ostareliya ta ba shi kyautar fam 2,000 da muƙamin girmamawa a rundunar sojan samanta.

Shekarun Ƙarshe

Sunan da ya yi bai zama dukiya ba. Burinsa shi ne ƙaramin jirgi ya zama abin hawan kowa, kamar yadda mota ta fara zama. Ya koma Ingila ya haɗa kai da wani abokinsa suka ƙera ƙaramin jirgin da ya raɗa wa sunan tsuntsun nan na ƙuruciyarsa, Ibis. Karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta kashe kasuwar. A halin da ake ciki wasu suka bi sawunsa. Amy Johnson ta yi tafiyar ita kaɗai a watan Mayu na 1930, ko da yake ba ta kai saurinsa ba, sannan a watan Oktoba Charles Kingsford Smith ya yi ta cikin ƙasa da kwana goma.

A 1931 Hinkler ya sake girgiza duniya da wani ƙaramin jirgi samfurin Puss Moth da ya saya a Kanada. Ya tashi daga New York zuwa Jamaika ba tare da tsayawa ba, ya gangara Kudancin Amurka har garin Natal na Barazil. Daga can, a ƙarshen watan Nuwamba, ya ƙetara Tekun Atalantika cikin dare da hadari, ya sauka bayan kimanin awa 22 a Bathurst ta Gambiya, garin da tun 1973 ake kira Banjul. Shi ne na farko da ya ƙetare kudancin wannan teku shi kaɗai, kuma na biyu da ya ƙetare Atalantika shi kaɗai bayan Charles Lindbergh.

Ranar 7 ga Janairu, 1933, ya tashi daga wajen Landan da wannan jirgi, da nufin karɓo kambin tafiya zuwa Ostareliya daga hannun C. W. A. Scott, wanda ya yi ta cikin kwana takwas da awa 20. Kamar yadda ya saba, bai yi shela ba, bai kuma bayyana dalla-dalla hanyar da zai bi ba. Wannan ɗabi'a ta kawaici, wadda ta raba shi da 'yan jarida da masu kuɗi, ita ce ta sa da aka ji shi shiru aka rasa inda za a nema. Aka yi ta bincike a tsaunukan Alps, alhali ya riga ya wuce su. Sai a ƙarshen watan Afrilu, bayan ƙanƙara ta narke, wani mai yin gawayi ya ci karo da tarkacen jirgin a tsaunukan Pratomagno na yankin Tuscany a Italiya, gawarsa kuma tana ɗan nesa da jirgin. Yana da shekara 40. Bisa umarnin Mussolini aka yi masa jana'izar girmamawa ta soja, aka binne shi a birnin Florence.

Jirginsa na 1928 an adana shi a gidan tarihi na Queensland da ke Brisbane. Gidan da ya zauna a Southampton, wanda ya sa wa suna Mon Repos, an kusa rushe shi, sai mutanen garinsu suka kwance shi tubali bayan tubali a 1983, suka kai Bundaberg suka sake ginawa. Wani ɗan guntun katako na jirginsa marar inji na 1912 kuwa, kwamandan kumbon Challenger, Dick Scobee, ya tafi da shi a cikin kayansa ranar 28 ga Janairu, 1986, ranar da kumbon ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa. An tsinci guntun katakon a cikin tarkacen da aka tsamo daga teku, aka mayar da shi Bundaberg a 1987.