Tarihin Marigayi Malam Nasiru Kabara

Daf da gidan Sarkin Kano, a cikin birni, akwai wata unguwa da a ke kira Kabara. Sunan ba na ƙasar Hausa ba ne. Kabara wani gari ne a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa na mutanen Tambutu su ke tsayawa. Daga can ne wani malami mai suna Umaru ya taso, ya zo Kano tun gabanin jihadi, mutane suka riƙa ce masa Malam Kabara, har unguwar da ya zauna ta ci sunansa. Daga zuriyarsa aka sami Malam Muhammadu Nasiru.

An haife shi a Guringawa, wajen ganuwa. Tun yana yaro aka kai shi hannun Malam Ibrahim Natsugune, ɗan'uwan iyayensa, wanda ya ke cikin manyan malaman fada tun zamanin Sarki Alu har zuwa zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A gabansa ya yi karatun fiƙihu da nahawu da tauhidi da tasawwufi, a hannunsa kuma ya karɓi wuridin Ƙadiriyya. Malam Natsugune ya rasu cikin 1941.

To, yaron da ya tashi a gida irin wannan, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya zauna bisa buzun kakanni, a zo a durƙusa a gaishe shi, ya ci albarkacin suna har ya tsufa. Mun san gidajen malamai da na sarauta da yawa da suka mutu ta haka, ba wanda ya kashe su. Malam Nasiru kuwa ya duba abin da ke hannunsa, ya auna shi, ya ga inda ya gaza. A lokacin nan Ƙadiriyya a Kano ta rarrabu rassa rassa, kowane reshe da malaminsa da masallacinsa, yawancin masu riƙe da ita kuwa dattawa ne da malamai. Ga shi kuma cikin 1937 Sarki Abdullahi Bayero ya gamu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a wurin aikin hajji, bayan 'yan shekaru Tijjaniyya ta yi wani irin bunƙasa a Kano, samari da 'yan kasuwa suna ta shiga.

A ganinmu nan ne hankalin mutumin ya bayyana. Mai ƙaramin tunani da sai ya ƙare ƙarfinsa wajen zargin waɗanda suka tafi. Shi kuwa ya koma ɗalibi. Cikin wannan shekara ta 1937 ya rubuta takarda zuwa ga Shehu Abul Hasan Sammani a ƙasar Hijaz, yana neman izinin reshen Sammaniyya, aka kuwa aiko masa. Cikin 1949 ya yi hajji, ya biyo ta Sudan, ya sadu da Shehu Muhammadul Fatihi ɗan Shehu Ƙaribullahi, ya ga yadda su ke tafiyar da zikirinsu cikin jama'a. Cikin 1953 ya isa Bagadaza, inda kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani ya ke, ya karɓi izini daga hannun zuriyarsa. Mai karatu ya lura, duk wannan tafiya ya yi ta ne bayan ya riga ya zama malami mai almajirai. Sau da yawa akawu in ya sami ƙarin girma, ko malamin makaranta in ya karɓi takardar shaidarsa, sai ya ga tambaya ta zama abin kunya gare shi. Wannan bawan Allah yana da zaurensa cike, amma bai ƙi zama a gaban wani ba.

Da ya komo da waɗannan izini, sai rassan nan suka sami wurin haɗuwa. Ya buɗe ƙofa ga talakawa da yara da masu sana'a. Bandiri ba shi ya fara kawo shi Kano ba, amma shi ya fito da shi fili, ya kuma sha suka a kansa daga wasu malamai, ya mayar musu da amsa a rubuce. Shi ne kuma ya kafa maukibin da a ke yi kowace shekara cikin watan Rabi'us Sani, inda jama'a su ke tasowa daga Kabara sahu sahu, da tutoci, su ratsa gari.

Akwai wani gefe na aikinsa da ya fi kusa da ma'aikatan En'e. An ba shi shugabancin Makarantar Shari'a ta Shahuci, wadda aka kafa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero domin koyar da alƙalai da muhutai. Aikin nan dabam ya ke da karatun zaure, inda kowane ɗalibi ya ke zuwa da littafinsa, ya ɗauki gwargwadon abin da ya iya, ya tashi. A Shahuci akwai aji, da rajista, da lokacin shiga da na tashi, da jarrabawa. Bai raina wannan tsari ba domin ba a cikinsa ya tashi ba. Ya koye shi, har cikin 1961 ya buɗe makarantar Islamiyya tasa ta kansa a Gwale bisa wannan tsari, bai kuwa rufe zaurensa na gida ba.

Ya daɗe yana karanta tafsiri a fadar Kano cikin watan azumi, ana sa shi a rediyo, har mutanen ƙauye suka san muryarsa. Ya wallafa littattafai masu yawa da Larabci, da waƙoƙi, ya kuma fassara Alƙur'ani da Hausa domin wanda bai yi zurfi a Larabci ba.

Ya rasu cikin watan Oktoba na 1996. Ɗansa Ƙaribullahi, mai sunan shehin nan na Sudan, shi ya gaje shi a gidan Ƙadiriyya na Kabara. Allah ya jiƙansa.