Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Daga Takarda Zuwa Majigi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga Sashen Hausa yakan fara cin karo da sunan Alhaji Abubakar Imam tun a shekararsa ta farko, kuma ba ya rabuwa da shi har ya fita. Sai dai galibi a darasin ƙagaggun labarai ake tsayar da shi. Wannan maƙala za ta bi rayuwar marigayin a taƙaice, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa mai nazarin fim ma yake da buƙatar saninsa, kamar yadda mai nazarin adabi yake da ita.

Haihuwa da Karatu

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, saboda haka da karatun allo da Larabci ya buɗe ido. Daga nan aka kai shi Katsina karatun boko, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Watau tun yana saurayi ya riƙe harsuna uku, Hausa da Larabci da Ingilishi, kuma da su ya yi aiki har ƙarshen ransa.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam yana ɗan shekara 22 ya aika da Ruwan Bagaja. Wannan gasa ita ce kuma ta fito da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo.

Zaman Zariya

East ya ga hazaƙar matashin, ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya zo Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, shi aka naɗa editanta na Hausa, ya riƙe ta fiye da shekara goma. Tun daga nan Zariya ta zama gida, ya zauna a Tudun Wada, unguwar da ke wajen ganuwar birni, inda ma'aikata da malamai daga ko'ina cikin Arewa suka taru.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, ya bayyana masa koke-koken mutanen Arewa. Labarin wannan tafiya shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna a Majalisar Wakilai ta Ikko, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, kuma ya shugabanci kamfanin buga littattafai na NNPC. Bai bar alƙalami ba duk da waɗannan ayyuka, don ya rubuta littattafan addini da tarihi, irin su Tarihin Annabi Kammalalle. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya cikin watan Yuni na 1981.

Gwanin Baddala Labari

Abin da aka fi yi wa Imam gardama a kansa shi ne asalin labaransa. Manazarta sun bi sawu, sun tarar Ruwan Bagaja yana da nasaba da Muƙamatul Hariri, Magana Jari Ce kuwa ta ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus, har akun da ke riƙe Musa ɗan Sarki da hira yana da kakansa a wani tsohon littafin Indiya. Waɗansu suka ɗauki wannan a matsayin kasawa.

Amma wanda ya ajiye labarin asali kusa da na Imam zai ga inda aikin yake. A tatsuniyar Jamus, kuyanga ce ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta shirya ƙarya ta haɗa shi da maigidanta. A hannun Imam sai suka koma Kalala da Kalalatu, miji da mata a gidan Bahaushe, kwaɗayin da kunyar baƙo da wayon duk suka zama na gida. Ya sake suna, ya sake wuri, ya sake dangantaka, ya zubar da abin da mai karatu ba zai gane ba, ya cike gurbin da karin magana da ban dariya irin na dandali. Shi ya sa yaran makaranta suka yi shekaru suna karanta labarin ba wanda ya ji ƙanshin baƙunta a jikinsa.

Daga Littafi Zuwa Fim

Irin wannan aiki shi ne yake gaban duk wanda zai mai da littafi fim. Dole ya zaɓi abin da zai riƙe da abin da zai zubar, ya kuma nemi hanyar nuna wa ido abin da marubuci ya faɗa wa kunne. Littattafan gasar 1933 su ne suka fara shiga wannan jarrabawa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Cikin shekarun 1980 Gidan Talbijin na Kaduna ya shirya Magana Jari Ce kashi-kashi, da 'yan wasa irin su marigayi Ƙasimu Yero. Ruwan Bagaja ma an yi fim ɗinsa.

Ba abin mamaki ba ne ayyukan Imam su karɓi kyamara. Ruwan Bagaja a gutsure yake, gari bayan gari, kowane karo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman fitowa ce mai farko da ƙarshe. Magana Jari Ce kuwa aku ne ke ba da labari dare bayan dare, ga makircin Waziri yana jira a ƙofa, tsarin da masu shirin talbijin suke wahalar nema don mai kallo ya dawo wani mako. Wahalar tana wajen harshe, domin daɗin Imam a bakin mai ba da labari yake, kuma kyamara ba ta ɗaukar karin magana.

Kammalawa

Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo na Hausa suka yawaita, aka yi ta zarginsu da kwaikwayon Indiya. Zargin ɗan'uwan wanda aka yi wa Imam ne, kuma rayuwarsa ta ba da ma'aunin da za a auna shi. Aro daɗaɗɗen abu ne a adabi. Abin dubawa shi ne ko mai aron ya san al'ummarsa har ya iya mai da abin aron nata. Ɗalibin da ya karanta adabi shi kaɗai zai san labarin amma ya kasa karanta hoto, wanda ya karanta fim shi kaɗai kuwa zai riƙe kyamara ba tare da sanin rijiyar da ake ɗebo labarin ba. Haɗa fannonin biyu a digiri ɗaya shi ne zai fitar da wanda zai iya yi wa Imam abin da Imam ya yi wa Hariri. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, amin.