TUNA BAYA: Usman Nagogo, Sarkin Katsinan da ya shahara a fagen ƙwallon dawaki

An haifi Alhaji Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905, shekara guda kafin Turawan mulkin mallaka su naɗa mahaifinsa, Muhammadu Dikko, Sarkin Katsina a 1906. Da wannan naɗin ne sarauta ta koma gidan Sulluɓawa, inda take har yau.

Nagogo ya fara da karatun allo da na littattafan addini, sannan ya shiga makarantar boko ta lardi da ke Katsina. Ya taso a gidan da doki yake da daraja ta musamman, kuma mahaifinsa ne ya buɗe wa wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ƙofa a masarautar a shekarun 1920. Kafin wannan lokaci, wasan na hafsoshin soja ne da jami'an mulki na Turawa, waɗanda suka kafa masa ƙungiya a Legas tun 1904. Sarki Dikko ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya, Nagogo kuwa ya zarce su duka.

Wanda bai san wasan ba zai iya ɗauka nishaɗi ne kawai. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, kowa bisa doki, riƙe da doguwar sanda a hannun dama, linzami a hagu, suna bin ƙaramar ƙwallo cikin sukuwa. Ana auna gwanintar ɗan wasa da maki, daga biyu ƙasa da sifili zuwa goma, kuma akasarin masu buga wasan a duniya ba sa haura maki biyu har su daina. Nagogo ya kai maki bakwai, matsayin da har yanzu ake kafa misali da shi a Najeriya. A zamanin da Bature ke gaba a ofis da kotu da barikin soja, filin folo na daga cikin wurare ƙalilan da ɗan ƙasa zai kara da shi ido da ido, ya kuma rinjaye shi a gaban jama'a. Daga baya aka ba Nagogo shugabancin ƙungiyar folo ta Najeriya na tsawon rayuwarsa.

Sai dai tarihinsa bai tsaya a filin wasa ba. A 1929 ya zama shugaban 'yan dokan En'e ta Katsina, a 1937 kuma aka naɗa shi Magajin Gari. Da Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a 1944, shi ya gaje shi. Ba da jimawa ba ya yi tafiya zuwa Indiya da Bama domin duba sojojin Afirka ta Yamma da ke fafatawa da dakarun Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da dama daga cikinsu 'yan Arewa ne. A 1952 ya shiga majalisar ministoci ta tsakiya a Legas a matsayin minista marar ma'aikata, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim Ibrahim. Bayan haka ya riƙe irin wannan muƙami a gwamnatin Jihar Arewa.

A waɗannan shekaru sarakuna ne ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari da karɓar haraji. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta sha zargin hukumomin En'e a faɗin Arewa da amfani da wannan iko wajen muzguna wa magoya bayanta. Nagogo ginshiƙi ne a cikin wannan tsari, don haka duk mai son auna mulkinsa da adalci dole ya dubi wannan ɓangare kamar yadda yake duban kofunan da ya ci.

Ya kuma rayu har ya ga rushewar tsarin. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a cikinsa, ɗansa Hassan Usman Katsina ne ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa. Gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya raba su da ragowar ikon gudanarwa. Sarkin da ya fara aiki da shugabancin 'yan doka ya ƙare mulkinsa ba shi da ɗan doka ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

Nagogo ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981, bayan shekara 37 a kan gadon sarauta. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman, wanda shi ma gwanin folo ne, ya gaje shi har zuwa 2008, lokacin da jikansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Wasan da ya ɗaukaka yana nan da ransa a Katsina da Kaduna da Kano da Zariya, amma tsadar doki da ɗawainiyarsa ta sa bai fita daga hannun masu sarauta da masu dukiya ba.