Ibnun Nafis: Malamin Fiƙihun Da Ya Gano Hanyar Jini Tsakanin Zuciya Da Huhu

Sunansa Ala'uddin Abul Hasan Aliyu bin Abil Hazmi Alƙurashi, amma da laƙabin Ibnun Nafis duniya ta san shi. An haife shi a yankin Dimashƙu ta ƙasar Sham wajajen shekarar 607 bayan Hijira, daidai da 1210 Miladiyya. Ya taso a zamanin da ɗalibi ke haɗa karatun Alƙur'ani da Hadisi da Fiƙihu da Luggar Larabci da ilimin likitanci ba tare da wani ya ga baƙon abu a cikin hakan ba. Likitanci kuwa ya koye shi a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙu a 1154, a hannun babban likitan zamanin, Muhazzabuddin Addakhwar.

Wajajen 1236 ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, inda ya ƙare sauran rayuwarsa. Ya yi aiki a asibitin Nasiri har ya kai matsayin shugaban likitocin Masar. A lokaci guda kuma yana karantar da fiƙihun mazhabar Imamu Shafi'i a makarantar Masruriyya, abin da ya sa Tajuddin Assubki ya sanya sunansa a cikin littafinsa na tarihin malaman Shafi'iyya. Zamani ne mai cike da tashin hankali. Yana raye Mongoliyawa suka rusa Bagadaza a 1258, yana raye kuma rundunar Mamalik ta Masar ta karya su a Ainu Jalut a 1260. Duk wannan bai raba shi da alƙalami ba. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa akan fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye a gefensa, ya yi ta rubutu daga abin da ya haddace ba tare da duba wani littafi ba, in wannan ya dushe ya ɗauki wancan.

Domin a gane girman abin da ya yi, sai an san inda ilimi ya tsaya kafin zuwansa. Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce: ta yaya abincin da mutum ya ci da iskar da ya shaƙa suke zama ƙarfi a jikinsa? Amsar da aka riƙe fiye da shekara dubu ita ce ta Jalinus, likitan Girkawa na ƙarni na biyu Miladiyya. A ganinsa, abinci yana narkewa a ciki, ya wuce hanta, hanta ta mayar da shi jini. Wani ɓangare na jinin yana shiga ɗakin dama na zuciya, daga nan ya tsiyaya zuwa ɗakin hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a jikin bangon da ya raba ɗakunan biyu. A ɗakin hagun ne, a cewarsa, jini ke haɗuwa da iska. Manyan likitoci, har da Ibnu Sina, sun karɓi wannan bayani.

A 1242, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, Ibnun Nafis ya rubuta Sharhu Tashrihil Ƙanun, wato sharhi a kan sassan littafin Alƙanun na Ibnu Sina da suka yi magana a kan ƙirar jikin ɗan Adam. A nan ya fito fili ya ce bangon da ke tsakanin ɗakunan zuciya mai kauri ne, ba shi da wata ƙofa, ta bayyane ko ta ɓoye. Tunda babu hanya ta nan, dole jini ya bi wata. Sai ya bayyana cewa jini yana fita daga ɗakin dama ta wata jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya cuɗanya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa lallai akwai ƙananan mahaɗai tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhu. Haka nan ya saɓa wa Ibnu Sina a wurare biyu: ya ce ɗakunan ƙasa na zuciya biyu ne ba uku ba, kuma zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa namanta, ba daga jinin da ke taruwa a ɗakin dama ba.

Bai gano komai da komai ba. Ya tafi a kan ra'ayin magabata cewa hanta ce ke ƙera jini, kuma abin da jini ke samu daga iska ya kira shi da sunan da likitocin zamaninsa suka sani, wato ruhin da ke raya gaɓoɓi. Amma ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. A Turai, Mika'ilu Sabitus ya rubuta irin wannan bayani a 1553, Wiliyam Habi na Ingila ya bayyana zagayen jini a duk jiki a 1628, sannan Malfigi na Italiya ya ga ƙananan mahaɗan nan na huhu da madubin ƙara girma a 1661, fiye da shekara ɗari huɗu bayan Ibnun Nafis ya ce suna nan.

Abin da ɗalibai ke karantawa a yau shi ne ƙarashen wannan tafiya. Tuwo ko burodi ko shinkafar da mutum ya ci tana narkewa ta zama wani nau'in sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini ta hanji. A huhu kuma jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar iskar oksijin. Zuciya ta harba jinin zuwa kowane lungu na jiki. A cikin kowace ƙwayar halitta ana fara tsaga gulukos gida biyu, sannan a ƙarasa aikin a wasu 'yan mitsitsin ɗakuna da ake kira mitokondiriya, inda oksijin ke taimakawa a tatse ƙarfin da ke cikin abincin, a adana shi a wani sinadari mai suna ATP. Da shi tsoka ke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke aiki. Abin da ya rage shi ne ruwa da gurɓatacciyar iskar kabon, wadda jini ke mayarwa huhu a fitar da ita. Labuwaziye na Faransa ne ya nuna a ƙarshen ƙarni na 18 cewa numfashi wani irin ƙuna ne mai tafiya sannu a hankali, Hans Kirebs kuma ya bayyana jerin matakan da ke tsakiyar aikin a 1937. In da jini bai bi ta huhu ba, da babu oksijin da zai isa ga ƙwayar halitta, da abincin da aka ci bai amfanar ba sai kaɗan.

Ibnun Nafis bai tsaya a likitanci kawai ba. Ya rubuta taƙaitaccen littafi a kan ilimin usulul hadis, ya kuma rubuta Arrisalatul Kamiliyya, labarin wani mutum da ya tashi shi kaɗai a tsibiri yana neman gaskiya da hankalinsa, har ya gane buƙatar ɗan Adam ga Annabci. A cikinta ya bayyana cewa jiki da gaɓoɓinsa kullum cikin zagwanyewa da sabuntawa suke ta hanyar abinci, magana mai kusanci da abin da masana suka tabbatar daga baya. A likitanci kuwa ya bar Almujaz, taƙaitawar Alƙanun da aka yi ƙarnoni ana karantarwa, da Almuhazzab a kan ciwon ido, da Asshamil, babban kundin da ya yi niyyar kai shi mujalladi 300, ya tsabtace 80 kafin ajali ya riske shi.

An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa wasu abokansa likitoci sun ba shi shawarar ya sha giya a matsayin magani, ya ƙi, domin ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira a watan Zulƙida na 687 bayan Hijira, daidai da Disambar 1288, yana da kimanin shekara tamanin. Gidansa da littattafansa ya bar su waƙafi ga asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina.

Bayaninsa a kan zuciya da huhu ya daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba, har sai 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar mai karatu a Jamus, Muhyiddin Attaɗawi, ya ci karo da kwafin sharhin a wani ɗakin karatu a Balin, ya rubuta kundin digirinsa a kansa. Tun daga nan masana tarihin likitanci suka amince shi ne farkon wanda aka san ya bayyana wannan hanya ta jini. Darasin da ya bari ga ɗalibi Musulmi a fili yake: ya girmama magabata, ya yi sharhin littattafansu, amma inda hujja ta saɓa musu ya bi hujja. Allah Ya ji ƙansa, Ya saka masa da alheri.