Frank Bowden, majinyacin da ya kafa kamfanin keken Raleigh

Daga Kano zuwa Zinder, daga Maiduguri zuwa nan N'Djamena, da wuya a samu dattijon da bai san baƙin keken nan mai hoton zalɓe a goshi ba, wanda Hausawa ke kira Rali. Malaman makaranta sun hau shi, masinjoji da 'yan koli sun hau shi, an kai amare an same shi jingine a zaure. Mutumin da ya kafa kamfaninsa kuwa, Frank Bowden, ba makaniki ba ne, kuma sai da ya kusa shekara 40 kafin harkar keke ta shiga rayuwarsa.

An haife shi a 1848 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Tun yana saurayi ya tafi Hong Kong, wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila, ya kama aiki a ofishin lauyoyi, sannan ya shiga cinikin filaye da hannun jari har ya tara dukiya. A 1879 ya auri wata Ba'amurkiya mai suna Amelia Frances, aka haifa musu ɗa, Harold, a San Francisco a 1880. Sai dai dukiyar ta zo masa tare da rashin lafiya, ya koma Ingila jiki ba ƙwari.

Labarin da kamfanin ya daɗe yana yaɗawa shi ne likita ya faɗa masa watanni kaɗan suka rage masa a duniya, ya kuma ba shi shawarar ya riƙa hawan keke. Labari ne mai daɗin talla, kuma Bowden ɗan kasuwa ne da ya san amfaninsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ya bi shawarar, ya fara da keke mai ƙafa uku, ya yi doguwar tafiya da shi, ya samu sauƙi, ya kuma rayu fiye da shekara 30 bayan haka.

Ya shigo harkar a kan gaɓa. Kafin lokacin, keken da aka sani shi ne mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya, wanda faɗuwa daga kansa kan karya mutum. A 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry ya fito da keken Rover, mai sarƙa da ke juya ƙafar baya, wanda mai hawa ke iya sa ƙafarsa a ƙasa. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya fito da tayar keke da ake hura wa iska a Belfast. Waɗannan biyun ne suka mai da keke abin hawan kowa da kowa.

A wannan tsakanin ne Bowden ya ci karo da keken wata 'yar ƙaramar maƙera da ke titin Raleigh a Nottingham. Mutum biyu suka buɗe ta a 1885, Richard Woodhead da wani Bafaranshe, Paul Angois. Daga baya William Ellis ya shigo. Masu karanta mu a ɓangaren Faransanci za su so sanin cewa keken da ya zama tambarin Ingila yana da hannun Bafaranshe tun daga tushe. Kekuna kamar uku suke ƙerawa a mako. Bowden ya ga ingancin aikin, ya zuba kuɗinsa, ya saye kason Ellis, aka raɗa wa kamfanin sunan titin. Cikin 'yan shekaru Woodhead da Angois su ma suka fita, ragama ta koma hannunsa shi kaɗai. Wanda ke da kuɗi ya gaje waɗanda ke da sana'a, kamar yadda aka saba gani a kasuwa.

Ya iya talla. Ya ɗauki nauyin ɗan tseren Amurka Arthur Zimmerman, wanda ya zama zakaran duniya na farko a gasar Chicago ta 1893, sunan Raleigh ya bazu tare da nasa. A 1896 kamfanin ya tare a sabuwar masana'anta a titin Faraday da ke unguwar Lenton. Jim kaɗan kasuwar keke ta faɗi a Ingila, kamfanoni da dama suka durƙushe, Raleigh ma ya sha da ƙyar.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar mu. A wajejen 1900 kamfanin ya ɗauko dabarar Amurkawa ta matse fallen ƙarfe mai ƙwari da inji a fitar da mahaɗan jikin keke, maimakon zubin ƙarfe mai nauyi da saurin tsagewa. Daga nan ya fara tallar kekensa a matsayin na ƙarfe zalla. A 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer mai canji uku, wadda ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, inda ƙura da yashi ba sa kai mata. Sunayen Henry Sturmey da James Archer ne a jikinta, amma masu binciken tarihin keke sun nuna cewa ainihin zanen na wani injiniya ne, William Reilly, wanda bai samu suna ba. Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi: wayar birkin nan da ake kira da sunan Bowden ba Frank ne ya ƙirƙiro ta ba, wani ne daban, Ernest Monnington Bowden.

Bowden ya so kamfaninsa ya riƙa yin kusan komai da kansa, har noti da kusoshi. Wannan ya ba keken ƙarko, amma ya bar wa masu gyara wani ciwon kai da ke nan har yau. Zaren da Raleigh ta Nottingham ke yankawa a gidan feda da wuyan keke 26 ne a kowane inci, alhali yawancin sauran kekunan Ingila 24 ne. Mai gyaran da bai san haka ba zai tura sabon kaya da ƙarfi ya cinye zaren, ya lalata jikin da ya shekara 50 lafiya lau. Shi ya sa tsofaffin masu gyara ba sa yar da mataccen Rali. Daga jikinsa ake ciro abin da za a rayar da wani.

A 1913 ya wallafa littafi kan hawan keke don lafiyar jiki, lokacin da kamfaninsa ya shiga sahun gaba a duniya. A 1915 aka ba shi sarautar baronet, ya zama Sir Frank Bowden. Ya rasu a watan Afrilun 1921 yana da shekara 73, ɗansa Harold ya gaje shi.

Yawancin Ralin da ya shigo ƙasashenmu bayan rasuwarsa ya zo. Layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun manoma da dillalai, keke ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake fara saye idan kaka ta yi kyau. Kamfanin ya yi ta manna hoton wani mutum a kan Raleigh yana tsere wa zaki a kantunan Afirka, daga baya har ya buɗe wajen harhaɗa kekuna a Kano. Kayan Kano kuwa ba su taɓa tsayawa a iyaka ba: ta Maiduguri da Kuseri suke tsallako Chari da Logone zuwa Fort-Lamy, sunan N'Djamena kafin 1973. A ƙasashen da Faransa ta mulka Peugeot ne ɗan gida, amma fatake Hausawa sun san Rali, sun kuma san farashinsa a kowane ɓangare.

Ko waɗanda ba su taɓa mallakar na asali ba sun hau 'ya'yansa. Phoenix da Flying Pigeon na China, da Hero na Indiya, duk a kan fasalin tsohon keken Ingila aka gina su: ƙafa mai inci 28, birkin sandar ƙarfe, kariya mai ɗaukar buhu. Birkin sanda ba ya kamawa sosai idan an yi ruwa, keken kuma nauyi ne da shi, amma maƙerin ƙauye na iya miƙe sandar da guduma, abin da ba ya yiwuwa da kayan roba na kekunan yanzu.

A 1960 Raleigh ya koma ƙarƙashin rukunin Tube Investments, a 2002 aka daina ƙera keke a Nottingham, a 2012 kuma kamfanin Accell na Holan ya saye sunan. Ma'ana, ba za a ƙara yin wani Rali irin na da ba. Waɗanda suka rage a zaurukan Kano da Maraɗi da N'Djamena su ne ke nan. Babur ya kwashe matasa, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna bi gida-gida suna auna shi a kilo. A Turai da Amurka kuwa, masu sha'awar tsofaffin kekuna na neman irin wannan jikin da hoton zalɓensa, suna duba lambar da aka buga a ƙarfen don gane shekarar da ya fito daga masana'anta.