SA HUGH CLIFFORD: GWAMNAN DA YA KOYI MULKI A ƘASAR MALAYA

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Sa Hugh Clifford a matsayin Gwamnan da ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma kafin ya tako ƙasar nan ya riga ya ƙware a sana'ar mallakar ƙasa a Malaya, wadda a yau take cikin Maleshiya.

Ita dai Malaya tana bakin mashigin ruwan Malaka ne, hanyar jiragen fatake tsakanin Indiya da Sin. Cinikin masoro da kanumfari ya ja Turawan Fotugal suka ci birnin Malaka a 1511, Turawan Holan suka ƙwace shi a 1641, sannan ya koma hannun Ingila bisa yarjejeniyar 1824. Da kasuwar kuza ta buɗe, sai Ingilishi suka fara kutsawa cikin ƙasa. A 1874 aka ƙulla yarjejeniyar Pangkor, wadda ta wajabta wa Sarkin Perak karɓar Razdan da bin shawararsa a kan komai, ban da addini da al'ada.

An haifi Clifford a Landan a 1866. Yana ɗan shekara 17 ya isa Perak a 1883, ya zauna cikin mutane har harshen Malay ya zauna a bakinsa. Wannan ya sa a 1887 aka tura shi Pahang, ƙasa mai zinariya da kuza wadda Sarkinta Ahmad bai yarda da Bature a fadarsa ba. Clifford ya yi watanni yana lallashi har Sarki ya amince da wakilin Ingila. Ashe shigo-shigo ba zurfi ne. A 1888 aka kashe wani ɗan Sin mai zama ƙarƙashin tutar Ingila, aka fake da wannan aka ɗora wa Pahang Razdan.

Daga nan haraji da kuɗin fito suka bar hannun hakimai, aka yanka musu albashi. A 1891 wani hakimi, Dato Bahaman, ya yi tawaye bayan an tuɓe shi, wasu manyan ƙasa suka mara masa baya. Clifford da kansa ya ja runduna a 1895 ya bi sawunsu har cikin dazuzzukan Terengganu da Kelantan. Shekara guda bayan haka ya zama Razdan na Pahang. Sarki yana nan da rawaninsa da fadarsa, amma baitulmali da iko sun koma ofishin Bature.

Aiki ya kai shi Borniyo ta Arewa da Tirinidad da Silon, sannan ya yi Gwamnan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, daga 1912 zuwa 1919. Ya gaji Lugga a Nijeriya daga 1919 zuwa 1925. Tsarin mulkinsa na 1922 ya kawo zaɓen kujeru huɗu, uku a Ikko ɗaya a Kalaba, amma Arewa ba ta shiga ƙarƙashin majalisar ba. A 1927 ya koma Malaya a matsayin Gwamna, rashin lafiya ta raba shi da aiki bayan kamar shekara biyu. Ya mutu a Ingila a Disamban 1941, daidai lokacin da sojojin Japan suke mamaye Malaya.

Ba mu musun cewa Clifford ya ƙaunaci Malayawa, domin littattafan da ya rubuta a kansu sun nuna haka. Sai dai sanin harshensu da halinsu shi ne makamin da ya karɓe ƙasarsu da shi. In mun ambaci kwalejin da ya buɗe mana, ya kamata mu gaya wa 'ya'yanmu labarin Pahang tare da ita.